Rumbunan Goggo Hure Daga Sama

Ƙarshen bazara ne, lokacin da hadari ke haɗuwa ta gabas kullum da la'asar, ya watse bai zubar da ko ɗigo ba. Shekarar ta zo mana da ɗan sauƙi a Ƙaura. An dawo mana da sabis ɗin waya bayan watannin da aka yi babu shi, kasuwanni sun koma ci, maza na ta gyaran sungumi suna duban sama. Ni ma hannuna ya koma kan sana'ata, ina ɗoki kamar sabuwar shiga. Cikin wannan ɗokin na yi kuskuren da ya fi kowanne nauyi a aikina. Shi nake son in rubuta muku, ku 'yan matan da ke zama kan tabarmata kuna cewa, "Inna Rabi, ai wannan ba aiki ba ne, danne-danne ne kawai."

To, danne-dannen ne. Amma bari in faɗa muku yadda yake.

Sana'ata nemo ce. A unguwarmu Rabi mai nemo ake ce mani. Mace za ta shigo ta ce tana son zanen lallen da ba a taɓa gani ba a bikin ƙanwarta, ko yankan riga, ko karatun wani mai daɗin murya, ko dai abin da zai sa ta yi dariya bayan ta gama daka. Ni kuma in shiga intanet in nemo, in tace, in zuba mata a waya ko a memori. Masu tura fim na bakin tasha aikinsu daban. Su abin da ya zo suke zubawa, buhu guda. Ni sai na san mai abu, na san gidan da zai shiga.

Aikin farko da na yi wa wani, na Malama Asabe ne, wadda ta koyar da mu a ajin yaƙi da jahilci. Ina da 'ya'ya huɗu sa'ad da na fara riƙe fensir. Da muka iya haɗa baƙi, wata rana ta ajiye wayarta gabana ta ce in nemo mata yadda ake sabulun wanki. Na yi kusan rabin yini. Ina rubuta harafi, yatsana na taɓa na kusa da shi. Da shafi ya buɗe sai ga wani abu yana walƙiya, wai na ci kyautar mota. Na miƙe tsaye zan yi guɗa. Malama ta ja zanena ta zaunar da ni, ta ce, "Rabi, kin taɓa shiga gasa?" Na ce a'a. Ta ce, "To wa ya san ki a can har zai ba ki mota? Rufe." Wata shida ina zuwa gidanta bayan azahar, ina taya ta tsintar shinkafa, tana nuna mani. Ba ta taɓa karɓe wayar daga hannuna don na yi jinkiri ba. Abu biyu ta nanata mani har suka zauna: kada in taɓa inda aka ce na ci wani abu, kuma kada in ba kowa abin da ban kalla ba tun daga farko har ƙarshe. Ta ce bidiyo kan fara da sallama ya ƙare da abin kunya, kuma gidan da ya shiga sunana za a kira, ba sunan wanda ya yi shi ba.

Kayan aikina ba su da yawa. Waya ce da gilashinta ya tsage ta kusurwa, na ɗaure ta da roba. Ƙaramar sola da ke kan rufin ɗakin girki, kullum da safe sai na goge ta da tsumma. Tabarau na kasuwa. Gwangwanin man zafi da nake ajiye memori a ciki, kowane na naɗe shi da takarda na rubuta abin da ke cikinsa. Sai turmi guda da ya tsage, na kife shi jikin katangar yamma, don nan ne sabis ya fi ƙarfi a gidanmu. In abu mai nauyi zan sauke, kansa nake ɗora wayar in tafi shara. Amma babban kayan aikina littafi ne, irin na 'yan makaranta. Duk shafin da na samu mai kyau sai na kwafe adireshinsa harafi-harafi, a gefe in rubuta halinsa da Hausata: wannan yana cin data, wannan tallarsa ba ta da kunya, wannan ya yi wa yara, wannan sai manya. Ku kuna buɗe abu ku rufe ku mance. Ni littafi na uku nake ciki.

Akwai ranar da wata Bafulatana mai kawo mana nono daga wajen Jangeru ta tarar ina wasa da wani shafi da na tsinta, wanda ake juya duniya da yatsa, duk inda aka tsaya a ji rediyon garin. Na ce ta zo ta ji 'yan uwanta. Na yi ta juyawa har muka faɗa kan masu Fulatanci a wata ƙasa mai nisa. Ta kasa kunne, ta kasa kunne, sai ta fashe da dariya har ƙwaryarta na rawa. Ta ce, "Waɗannan Fulani ne kuwa? Ai kamar sun cika baki da fura suke magana!" Duk da haka ba ta tashi ba sai da rana ta yi gora. Tun daga ranar ba ta zuwa Ƙaura ba ta biyo ba, kuma ba ta taɓa tafiya ba ta bar mani man shanu a murfin kwano ba.

Lokacin aikin hajji kuma wani shafin ke tashe, mai nuna jiragen da ke sama a daidai lokacin, ƙanana kamar ƙudaje suna rarrafe kan taswira. Matan da aka tafi da nasu sai su cika tsakar gidana. In nuna masu jirgi ya ƙetare teku, a ɗauki kabbara. Amma wanda ya fi kowanne farin jini shi ne na giwaye. Wani tafki ne a wani daji, an kafa kyamara a bakinsa dare da rana, duk dabbar da ta zo shan ruwa kana ganinta a lokacin da take sha. Maƙwabciyata Luba ta ce giwayen nan sun fi matan unguwarmu bin layi a bakin famfo. Aka yi mata ca, amma ba wadda ta ce ƙarya ne.

Sai shekarar da aka yanke sabis. Safiya ɗaya na ɗora waya kan turmi, shiru. Na ɗauka lalacewa ta yi, har na cire batir na hure. Ashe jihar ce gaba ɗaya, saboda rashin zaman lafiyar daji. Maza daga Shinkafi da Zurmi suka riƙa dosar bakin iyaka ko hawa tudu don su kamo sabis ɗin Nijar su yi kira ɗaya. Ni ba inda na je. Na koma suyar awara a ƙofar gida. Abin da ya riƙe mani mutanena shi ne gwangwanin man zafin nan. Ina da ɗan guntun bidiyon giwayen da na taɓa ajiyewa, mata suka kalle shi har suka raɗa masu suna, babbar ita ce Magajiya. A shekarar na koyi cewa abin da ke intanet ba naka ba ne sai ka sauke shi ka ajiye, kamar hatsin da ke gona kafin ya shiga rumbu.

Da sabis ya dawo, na shiga nema kamar mai rama azumi. A nan na faɗa kan wani shafin taswira da ke nuna ƙasa daga sama, ba zane ba, hoto sosai. Ka ja da yatsa biyu, gari ya matso, ka ga tituna da rufin gidaje da itatuwa. Na ga tashar jirgin ƙasa, na ga gulbi. Na kwafe adireshin a littafi, a gefe na rubuta: wannan yana nuna gari yadda yake yanzu. Ban tambayi kowa ba. Na ga giwaye a lokacin da suke shan ruwa, na ga jirgi a lokacin da yake tafiya, sai na ɗauka wannan ma ɗan gidansu ne.

Kwana biyu bayan haka Luba ta shigo da gwaggon mijinta, Goggo Hure. Tsohuwa ce 'yar Tungar Gawo, wani ƙauye can bayan Kurya Madaro. Damina biyu ke nan tana zaune gidan Luba tun da aka tashe su, ita da matar ɗanta da jikoki uku. An sha gaya mata cewa an ƙone garin, ba ta taɓa gani da idonta ba. Ta zauna kan kututturen darbejiyar da ke tsakar gidana, wadda iska ta kayar bara waccan muka sare.

Ta ce, "Ɗiyata, an ce kina da abin da ka gwada gari daga bisa. Ko ƙarya Luba ta yi mani?"

Na ce, "Ba ƙarya ba ne, Goggo. Sai dai ƙauye ƙarami da wuya a sa sunansa."

"To bi hanya mana. Ke ba ki san hanya ba? Hita Ƙaura, ki miƙe."

Haka muka yi. Na sa mata tabarauna, ina jan hoton, tana ba ni hanya kamar muna kan babur. Nan ki karkata. Wuce wannan fadamar. Ga marken da ake hutawa. Muka ɓace sau biyu. Can sai ta dafe hannuna.

"Tsaya. Ga masallacinmu, shi ɗai ad da kwano. Matso da shi."

Na matso. Ta bi da farcenta a hankali, ta ƙirga da'ira uku a jere bayan wani gida.

"Rumbunana. Uku. Ga tsamiya, ga rijiya." Ta juya ga Luba. "Kunka ce an ƙone. Wanga shi na ƙonanne? Ko jinka ɗaya ba ta taɓu ba."

Luba ta ce, "Goggo, mutane fa sun faɗa."

"Mutane sun ji, ni na gani. Gani ya kori ji. Ɗiyata, yanzu haka garin yake?"

Ni da bakina na ce, "Yanzu haka yake, Goggo."

Kashegari Luba ta leƙo ta katanga ta ce in zo in ji abin da na jawo. Goggo ta ɗaure kaya. Ta fiddo irin geronta da ta gudo da shi cikin tsumma, wanda ta hana a taɓa ko a lokacin da gidan ya yi ƙunci. Ta ce ranar cin Kasuwar Daji za ta bi mota, daga can ta hau babur, ita da matar ɗanta da jikokin, su isa kafin ruwan shuka. Mijin Luba ya yi magana har ya gaji, ta ce shi ɗan birni ne matsoraci, ita ta ga rumbunanta. Saura kwana biyu kasuwar ta ci.

Ban ga laifina ba tukuna. Abin da ya buɗe mani ido wasa ne. Ranar jajibirin kasuwar, wasu mata biyu suka zo karɓar zanen lalle, suka ce in nuna masu unguwarmu daga sama. Muka nemo layinmu, muka nemo gidan Luba, muka shigo nawa. Ɗaya ta ce, "Inna Rabi, wane duhu ne wannan a tsakar gidanki?" Na duba. Darbejiya ce, da ganyenta, ta rufe rabin gidan. Na ɗaga kai na dubi kututturen, ga shi nan kaza na tsaye a kai. Na sake duba waya. Rufin ɗakin girki babu sola.

Ban yarda nan take ba. Na ɗauko farin zanen gado na shimfiɗa a tsakar gida, na danne kusurwoyinsa da duwatsu, na rufe shafin na sake buɗewa. Babu zane. Na jira har aka yi azahar, na sake. Darbejiya dai. Sai na kira Malama Asabe, wadda yanzu take Zurmi wurin ɗanta. Ta saurare ni har na gama, ta ce, "Rabi, wannan ba kamar giwayenki ba ne. Hoto ne aka ɗauka aka ajiye, wani ya shekara, wani ya fi. Duba can ƙasa, akwai ɗan rubutu ƙanana." Na sa tabarau na duba a kan Tungar Gawo. Shekarar da ke rubuce ta riga tashin garin.

Malama ba ta yi mani faɗa ba. Cewa kawai ta yi, "Wa kika nuna wa?" Na gaya mata. Ta ce, "To me kike jira a waya?"

Na sa mayafi na fita, hadari ya fara haɗuwa. Na tarar da Goggo a zaure na ciki, ƙullin kaya huɗu jingine da bango, jikokin an yi masu kitso da aski na tafiya. Na durƙusa na gaishe ta, na ce na zo da gyara.

"Gyaran mi?"

"Hoton nan, Goggo. Ba na yanzu ba ne. Tsoho ne. Ni ce ban bincika ba na gaya maki."

Ta dube ni ta dubi Luba. "Shi ya aiko ki, ko? Mijin wagga. An haɗa baki da ke."

"Wallahi ba wanda ya aiko ni."

"Shekaranjiya kin ce yanzu haka yake. Yau kin ce tsoho. Bakinki guda nawa, ɗiyata?"

Na ce bakin ɗaya ne, shi ya yi kuskuren, shi kuma ya zo gyarawa. Ban ƙara jayayya ba. Na matsa kusa da ita, na sa mata tabarau, na buɗe gidana. Na ce, "Goggo, ranar da kika zo, a kan me kika zauna?"

"Kututture."

"To ga shi nan da ganyensa."

Ta daɗe tana kallo. Sannan ta ce in mai da ta gida. Na bi hanyar da ta koya mani, fadama, marke, masallaci mai kwano. Wannan karon ba rumbunan ta duba ba. Ta sa farce a ƙofar gidan, kan wani ɗan abu mai kusurwa huɗu da ni ban ma lura da shi ba.

"Rumfar Malam mai gidana ce wagga," in ji ta. "Nan yaka zama da hantsi. Mun kwashe ta bayan sadakar arba'in ɗinai." Ta ƙara matso da fuska kusa da wayar. "Ashe ranar da anka ɗauki wanga, yana nan da rai. Ƙila ma yana ƙarƙashinta."

Matar ɗanta ta tashi ta shige ɗaki. Can Goggo ta cire tabarau ta miƙo mani, ta jawo ƙullin da ke kusa da ita ta fara kwancewa da kanta. Da ta zo kan irin geron sai ta tsaya, ta riƙe shi a cinya.

"Wanga hwa? Ya kwana damina biyu. In ya ƙara ɗaya ya mutu. Gidan ga ko wurin shanya babu."

Na ce, "Inda darbejiyata ta faɗi ya zama fili, har bayan katanga. Ba gona ba ce, amma rana na sauka."

Ta harare ni. "Kin duba da idonki, ko daga bisa kinka gani?"

Luba ta fara dariya, ta toshe baki. Na ce da ƙafata nake taka shi kullum.

"To. Hoton nan kuma kar ki yar da shi. Tsoho ne, na ji. Ni ma tsohuwa ce."

Ina kan hanyar komawa ruwa ya sauko, na farko mai ƙarfi a shekarar, na isa gida jiƙe sharkaf da waya ƙulle cikin leda. Daga baya, bayan kaka, wani mai itace da ya ratsa ta Tungar Gawo ya tabbatar da abin da aka daɗe ana faɗa: bango ne tsaye da toka, hanyar kuma ba ta biyuwa a daminar nan. Goggo ta ji, ta ce Allah ya sa haka ne mafi alheri, ba ta ƙara ba.

Shi ya sa in kun zo koyo nake hana ku sauri. Nemo abu mai daɗi ba wuya, yaro ma zai iya. Sanin ko na yau ne ko na shekaran bara, ko na gaske ne ko na haɗi, da sanin wa za ka nuna wa da abin da zai yi bayan ya gani, shi ne aikin. Har gobe ina jin daɗin sana'ar nan. Tsakar gidana ba ta rabuwa da mata da dariya, Magajiya ma tana nan tana zuwa tafkinta, ko dai wata mai kama da ita.

Washegarin ruwan nan, bayan na idar da sallah, na goge sola, na buɗe littafina na soke abin da na rubuta a gefen shafin taswira. A ƙarƙashi na sa: hoton da ne, a duba shekara kafin a nuna wa kowa. Na ɗora waya kan turmi na sauke hoton Tungar Gawo, da rumbuna uku da rumfar Malam, na zuba a memori sabo, na naɗe da takarda na rubuta sunan Goggo. Kafin in gama ta yi sallama, da ƙullin iri a hannu, jikokin na biye. Na ɗauko sungumi na shiga gaba ina sara, tana bina tana jefa iri tana rufewa da diddige. Mun kai layi na uku ta tsaya ta ɗaga kai ta dubi sama, ta ce, "To mai ɗaukar hoto, in kana nan, yau ka ɗauka."